Mai Karatu da Sauyin Jigo a Ƙagaggun Labaran Hausa, 1933–1991

Manazarta sun saba kasa tarihin ƙagaggun labaran Hausa gwargwadon hukumomin da suka buga su. Wannan kaso yana da amfani, sai dai yakan ɓoye wata tambaya, wato wane ne marubuci yake hange lokacin da ya ɗauki alƙalami?

A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, mai karatun sananne ne: ɗan makarantar boko, akasari namiji, wanda ya iya karatu amma ya rasa abin karantawa. Marubutan kuwa sun tashi ne cikin tatsuniya da littattafan Larabci, saboda haka suka zuba sabon rubutu a tsohon mazubi. Tauraron Ruwan Bagaja matafiyi ne mai dabara irin ta Gizo. Ganɗoki ya fara da yaƙin Turawa, ya zarce duniyar aljannu. Shaihu Umar ya fi su kusantar zahiri, amma shi ma baya ya waiwaya, zuwa zamanin cinikin bayi.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, har da 'yan mata masu yawa. Shekara goma bayan haka, matsin tattalin arzikin da ya zo da tsarin SAP na 1986 ya raunana kamfanonin ɗab'i. Ga masu karatu, babu mai buga musu littafi. Sai matasa suka shiga bugawa da kuɗin aljihunsu suna kaiwa kasuwa. Wanda zai mayar da jarinsa daga hannun mai saye kuwa, tilas ya rubuta abin da ke damun mai sayen: auren dole, kishi, cire yarinya daga makaranta. Haka Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990) da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) suka samu karɓuwa.

Masu suka sun laƙaba wa waɗannan littattafai suna Adabin Kasuwar Kano, suka zarge su da kwaikwayon finafinan Indiya da karya ƙa'idojin rubutu. Zargi na biyu gaskiya ne, domin babu editan da ke tace su. Na farko kuwa yana buƙatar gyara. Tun a Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafan farko, mai dukiya ya ƙwace budurwar talaka. Bambancin shi ne, a can labarin ramuwar saurayin aka bi, ita Zainabu ba a tsaya jin ta bakinta sosai ba. A 1990 kuwa ita ce ke sayen littafin, sau da yawa ma ita ce ta rubuta shi.