Ƙungiyoyin Tarihin Iyali a Ingila: Yadda Talaka Ya Sami Salsala

Gabatarwa

A mafi yawan ƙasashen duniya salsala aba ce ta gidan sarauta da gidan malanta. Sarki kan jero kakanninsa goma ko fiye, domin da su yake kafa hujjar gadonsa. Talaka kuwa, in ya wuce sunan kakan ubansa, sai ya ce Allah masani. Haka abin yake a Ingila har cikin ƙarni na ashirin. Amma daga shekarun 1960 sai ga ƙananan ƙungiyoyi sun ɓullo a garuruwa da gundumomi, inda malamin makaranta da tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da matar aure kan taru sau ɗaya a wata suna bin diddigin iyayensu. Wannan lacca za ta duba tushen waɗannan ƙungiyoyi, da abin da mutum kan tarar in ya shiga, da kuma hidimar da suka yi wa tarihin ƙasarsu.

Salsala a Hannun Manya

A shekarar 1484 Sarki Richard na Uku ya ba da iznin kafa wani gida a Landan mai kula da tamburan gidajen manya da salsalarsu. Daga 1530 zuwa 1688 jakadun wannan gida sun riƙa zaga gundumomi, suna kiran duk mai ɗauke da tambari ya kawo hujjar cewa gadonsa ne. Wanda ya kasa sai a soke tambarinsa, a shelanta sunansa a bainar jama'a. Ba ruwan jakadun da manomi ko maƙeri.

Takardun da suka riƙe sunan talaka don wata bukata dabam aka rubuta su. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umurci kowace coci ta ajiye littafi, a rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne, a kuma kulle littafin cikin akwati mai kwaɗo biyu. A 1598 aka ƙara da cewa a riƙa rubutun a kan takardar fata saboda ƙarko, a kuma aika wa bishop kwafi kowace shekara. Daga 1 ga Yuli 1837 gwamnati da kanta ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Ƙidayar jama'a ta 1841 ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowa a kowane gida, ta 1851 kuwa ta ƙara da garin haihuwar mutum da dangantakarsa da maigida.

Coci tana son sanin mabiyanta ne da halaccin aurensu, gwamnati kuma tana son lissafin mutanenta. Amma da yake an rubuta, sai sunan ɗan ƙodago ya zauna a shafi ɗaya da na mai gona, ƙarni bayan ƙarni, yana jiran mai nema.

Ɓullowar Ƙungiyoyin

An kafa Ƙungiyar Masu Binciken Salsala a Landan a 1911, sai dai a wancan lokaci binciken ya fi ƙarfin wanda ba shi da hali. Littattafan coci suna warwatse a dubban ƙauyuka, mai nema sai ya yi tafiya, ya roƙi limamin coci ya buɗe masa akwati, sau da yawa kuma ya biya.

Abubuwa uku suka sauya wannan hali. Na farko shi ne ofisoshin adana takardun tarihi na gundumomi. Gundumar Bedfordshire ce ta fara a 1913, sauran suka biyo baya, yawanci bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1978 Cocin Ingila ta yi dokar cewa littafin da ya haura shekara ɗari a kai shi irin waɗannan ofisoshi, sai fa in cocin tana da wurin ajiya mai inganci. Na biyu shi ne aikin mabiya ɗariƙar Mormon ta Amurka, waɗanda aƙidarsu ta ɗora musu neman sunayen kakanninsu da suka mutu. Sun kafa ƙungiyar salsala a Utah tun 1894, daga 1938 kuma suka shiga ɗaukar hoton tsofaffin littattafai a kan ɗan siririn fim, har mutum ya iya karanta rajistar ƙauye mai nisa ba tare da ya je can ba. Na uku shi ne littafin Alex Haley mai suna Roots, wanda ya fito a 1976 aka kuma nuna shi a talabijin a 1977. A cikinsa wannan baƙar fatar Amurka ya bi asalinsa har ƙauyen Juffure na ƙasar Gambiya. Masana sun nuna daga baya cewa labarin baka da ya dogara da shi bai dace da takardu ba a wurare da dama, amma littafin ya riga ya sa wa mutane tunanin cewa in jikan bawa zai nemi kakansa, jikan masaƙi ma zai iya.

Tun kafin littafin an kafa ƙungiya a Birmingham a 1963, wata a Manchester a 1964. A 1974 ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa tarayya guda, kafin wani lokaci kuma da wuya a sami gundumar da ba ta da tata.

Shiga Ƙungiya

Ba a tambayar mai son shiga takardar shaidar ilimi ko asalin gida. Ya biya ɗan kuɗin shekara, a riƙa aiko masa da mujallar ƙungiya, galibi sau huɗu a shekara. Abu na farko da za a nema gare shi shi ne sunayen zuriyar da yake bincike, da garuruwansu, da zamaninsu. Ana buga wannan a mujalla, ta haka ne kuma mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba kan gano cewa kakansu ɗaya, kowanne yana riƙe da rabin labarin.

Taron wata kan kasance a ɗakin karatu ko zauren coci. A gayyato mai jawabi ya yi bayanin yadda ake karanta rubutun da, ko takardun wasiyya, ko rajistar soja, sa'an nan a sha shayi, tsofaffin 'yan ƙungiya su duba matsalolin sababbi. Ƙa'idar da ake fara koya wa baƙo ita ce ya soma daga kansa ya yi baya, tsani bayan tsani, kada ya ɗauko wani shahararren mutum mai suna irin nasa ya ce lalle sai ya haɗa jini da shi. Ya fara da tsofaffin gidansu tun suna raye, ya rubuta abin da suka faɗa, sa'an nan ya auna shi da takarda. Ana kuma gargaɗinsa cewa ita ma takardar takan yi kuskure: akawu kan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, amarya kan rage shekaru, yaro kan ƙara don a ɗauke shi soja.

Wanda ya zo neman kakansa, ba ya daɗewa sai a miƙa masa aikin kakannin wasu. A lokacin bazara 'yan ƙungiya kan fita maƙabartu suna kwafe rubutun duwatsun kaburbura kafin ruwa da iska su shafe shi. Da hunturu su zauna suna tsara fihirisar littattafan coci bisa jerin baƙaƙe. Ba a biyan kowa ko anini.

Mafi girman irin wannan aiki shi ne fihirisar ƙidayar 1881, lokacin da mutanen Ingila da Wales sun kusa miliyan 26. Kafin fihirisar, sai mutum ya san titin da kakansa ya zauna kafin ya same shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: tarayyar ƙungiyoyin ta haɗa kai da ƙungiyar Utah a ƙarshen shekarun 1980, aka rarraba shafuffuka ga dubban 'yan sa kai suna kwafewa a gidajensu, aka kammala a tsakiyar shekarun 1990. A 1999 aikin ya fito a faifan kwamfuta.

Abin da Bincike Kan Tono

Mutane da yawa sun shiga da fatan samun basarake a cikin zuriyarsu, suka tarar da wani abu dabam. Wani ya sami kakarsa a gidan gajiyayyu irin waɗanda dokar 1834 ta yawaita, inda ake raba miji da mata, a sa su aikin wahala a bakin abinci. Wani ya ga gurbin sunan uba babu komai a takardar haihuwa. Wani kuma ya iske an kori kakansa zuwa Ostareliya saboda sata, cikin fursunoni kimanin 162,000 da aka kai can tsakanin 1788 da 1868. A 2013 wasu masana na Jami'ar Landan suka fito da sunayen waɗanda suka karɓi diyya daga cikin fam miliyan 20 da gwamnati ta ware wa masu bayi bayan dokar 'yanta bayi ta 1833, gidaje da dama suka ga sunan nasu a ciki. Abin da a da ake ɓoyewa don kunya, ƙungiyoyin sun koya wa mutane su rubuta shi yadda yake. Ta haka tarihin talauci da ƙaura da aikin masana'anta ya sami sunaye.

Akwai kuma dalilin gaggawa. A 1922 gobarar yaƙin basasa ta cinye ofishin adana takardu na Dublin, ƙidayar ƙasar Ireland ta 1821 zuwa 1851 ta ƙone sai ɗan abin da ba a rasa ba. A Disamba 1942 wata gobara ta lashe ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ƙurmus. Duk littafin da ke da kwafi ɗaya tak, dare ɗaya ya isa ya raba zuriya da shi.

Kammalawa

Intanet ta sauya fasalin aikin. An sa ƙidayar 1901 a kanta a Janairu 2002, masu nema suka yi yawa har na'urorin suka kasa ɗauka. Ta 1921 ta fito a Janairu 2022, bayan cikar shekara ɗari da ake jira. Kamfanoni sun shiga harkar suna karɓar kuɗi, mutum kan yi bincike daga ɗakinsa bai san kowace ƙungiya ba. Abin da ya rage a hannun ƙungiyoyin shi ne sanin gari: wace unguwa aka rushe, wace coci ta sauya suna, wane kuskure ne aka yi ta kwafewa daga wannan zuwa wancan.

Tarihin nan ya tsayu ne a kan mutum biyu. Akwai akawun da ya cika rajistarsa da kyau, ya adana ta, bai san wa zai bukace ta ba. Akwai kuma ɗan sa kai da ya zo bayan shekara ɗari uku ya kwafe ta kyauta. Ma'aikacin da ke riƙe da littafin haihuwa a asibiti, ko na haraji a ƙaramar hukuma, ko na shari'a a kotu, a kujerar wancan akawu yake zaune. Ɗalibin da ke da kaka mai rai a gida kuwa, aikinsa yana iya farawa da littafin rubutu guda da hutu mai zuwa.