Tallar da ke riga kukan yaro isa gida

A Amurka akwai wata sana'a da ba a fita yin ta sai dare ya raba. Ƙarti biyu ne ke shiga ɗakin kwanan yaro wajen ƙarfe uku ko huɗu, su tashe shi daga barci, su ce ya sa takalmi ya biyo su, ko da lalama ko da ankwa. Idan ya ƙwala wa mahaifiyarsa kira ba za ta amsa ba, domin ita da mahaifinsa ne suka biya kuɗin aikin. Kafin rana ta faɗi yaron yana wata jiha mai nisa, sau da yawa Utah, a wani wuri da takardar tallarsa ta kira makarantar kwana mai warkar da matasa masu matsala.

Wannan takardar talla ita nake so mu duba tarihinta. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan makarantun nan suna buɗewa suna rufewa, sunaye suna shuɗewa, kotuna suna cin tara, amma tallar tana nan daram, tana sauya riga daidai da irin tsoron da ke damun iyayen kowane zamani.

Asalin abin ba a makaranta ya faro ba. A 1958 wani tsohon mashayin giya mai suna Charles Dederich ya kafa ƙungiyar Synanon a Santa Monica da ke jihar Kalifoniya, domin manyan mutane da ƙwaya ta ci ƙarfinsu. Ba likita ba ne, bai kuma yi karatun halayyar ɗan Adam ba. Maganinsa wani zama ne da ya raɗa wa suna Wasa: a zauna a da'ira, a ware mutum ɗaya, a yi masa caa da zagi da tonon silili har sai ya karye, wai daga karyewar ne sabon mutum zai fito. Jaridu da mujallu suka yi ta yabo, a 1965 har fim aka yi mai sunan ƙungiyar. Daga baya Synanon ta daina yaye mutane, ta ce wanda ya shiga zama ya kama shi har abada, sannan ta ayyana kanta addini. A 1978 mabiyanta biyu suka saka maciji mai dafi a akwatin wasiƙun lauya Paul Morantz, wanda ya yi nasara a kanta a kotu, macijin ya sare shi, da ƙyar ya sha. Ƙungiyar ta watse a 1991. Amma kafin nan, Wasan nata ya riga ya yi 'ya'ya a waje.

Ɗaya daga cikinsu ita ce CEDU, wadda Mel Wasserman, ɗan kasuwar kayan ɗaki da tafarkin Synanon ya burge shi, ya kafa a 1967 a Kalifoniya. Hikimarsa ta ciniki ce: ya ɗauki zaman cin mutuncin nan ya kai shi cikin duwatsu da itatuwa masu ban sha'awa, ya haɗa shi da azuzuwa, ya kira shi raya zuciya, ya sayar wa masu hannu da shuni. Galibin masu bin tarihin harkar suna ɗaukar CEDU a matsayin uwar makarantun da ake kira masu warkarwa a yau, domin ma'aikatanta sun yi ta ficewa suna kafa nasu da irin tsarinta.

A jihar Fulorida kuma wata ƙungiya mai suna The Seed ta gwada irin wannan tafarki a kan matasa, har da tallafin gwamnatin tarayya. A 1974 wani rahoton kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Sam Ervin ya kwatanta hanyoyinta da wankin ƙwaƙwalwar da Koriya ta Arewa ta yi wa fursunonin yaƙi. Mai karatu zai zaci irin wannan hukunci ya isa ya kashe kasuwa. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1976, wasu iyaye da suka ratsa ta The Seed, ciki har da attajirin gine-gine Mel Sembler da matarsa Betty, suka kafa Straight a birnin St. Petersburg. Tsari bai canza sosai ba: yara na wuni a kan kujeru suna furta laifuffukansu, tsofaffin ɗalibai na riƙe da sababbi ta bayan wando duk inda za su. Abin da ya canza shi ne girman masu tallata shi. Lokacin ya dace da yaƙin da gwamnatin Reagan ta ƙaddamar kan miyagun ƙwayoyi, Nancy Reagan ta rungumi Straight, a 1985 ma ta kai Gimbiya Diana ta Ingila ziyara reshenta na jihar Virginia. Shekara biyu kafin wannan ziyara, wata kotu ta riga ta ba wani saurayi diyyar dala 220,000 saboda Straight ta tsare shi ba bisa ƙa'ida ba. Hoton gimbiya ya fi hukuncin alƙali tafiya nesa. Straight ta rufe a 1993 bayan tarin ƙararraki da binciken hukumomin jihohi, shi kuwa Sembler ya riga ya zama jakadan Amurka a Ostireliya, daga baya kuma ya zama jakada a Italiya.

A nan ya kamata mu tsaya, domin a wannan zamani ne dabarar da ke riƙe da harkar gaba ɗaya ta nuna sosai. Kowace irin haja, wanda ya saya shi ke amfani da ita, idan ta yi masa tsami ya daina saye. A nan kuwa mai biya daban, mai ɗanɗanawa daban, kuma tsakaninsu babu hanyar magana sai ta hannun mai sayarwa. Ana karanta wasiƙu, ana sauraron waya, a wasu wuraren yaro sai ya yi watanni kafin a ba shi damar jin muryar iyayensa. Tun a 1982 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da umarnin da ya hana makarantar Provo Canyon ta Utah tace wasiƙun ɗalibai da ɗora su kan na'urar gano ƙarya, amma hukuncin bai zama ƙa'idar da ta ɗaure kowa ba. Sannan, tun ranar da aka karɓi yaro, ana shaida wa iyaye abin da za su ji daga bakinsa: zai ce ana hana shi abinci, zai ce ana dukansa, zai roƙi a zo a ɗauke shi, kuma duk wannan yaudara ce, alamar cutar da aka kawo shi a warkar. Wanda ya saurare shi ya taimaka wa cutar. To, ka ga an rufe kowace ƙofa. Idan yaro ya yi shiru, magani na aiki. Idan ya yi kuka, magani bai gama aiki ba, sai a ƙara watanni, a ƙara kuɗi. A ganina babu wata takarda mai hotunan dawaki da tafki da ta kai wannan gargaɗin tasiri wajen tsare kasuwar.

Ma'aikatan ma sukan gaskata abin da suke gaya wa iyaye, kuma nan ne abin ke zama ajali. A 1994 wani yaro ɗan shekara 16 ya mutu a hamadar Utah a hannun wani shirin gyaran hali na cikin daji mai suna North Star. Ya yi makonni yana kukan ciwon ciki yana ramewa, ana ce masa maƙaryaci. Gyambon ciki ne ya huda hanjinsa, ciwon da asibiti ke iya magancewa in an kai mutum da wuri.

Daga ƙarshen shekarun 1990 talla ta koma intanet, kuma babu wanda ya ƙware a kanta kamar gungun makarantun WWASP da Robert Lichfield ya jagoranta daga Utah. Uwa da ta kasa barci, ta rubuta damuwarta a kwamfuta da tsakar dare, za ta faɗa kan shafuka da lambobin waya masu kama da na masu ba da shawara kyauta, alhali dukansu hanya ɗaya suke nunawa. Iyayen da suka riga suka saka 'ya'yansu kuma an mayar da su dillalai: wanda ya kawo wani iyali ana yafe masa kuɗin wata guda. Gungun ya buɗe rassa a ƙasashen waje, inda idon hukumomin Amurka ba ya kaiwa, kamar Tranquility Bay a Jamaika. Hukumomin Kosta Rika sun kai samame reshen Dundee Ranch a 2003, na Meziko suka rufe Casa by the Sea a 2004. A 2005 babban lauyan jihar New York ya gano cewa makarantar Ivy Ridge tana raba takardun shaidar kammala sakandare ba tare da tana da izinin yin haka ba. Wato kalmar makaranta ita kanta talla ce.

Gwamnatin tarayya ta leƙa harkar da gaske a 2007, lokacin da ofishin binciken majalisa, GAO, ya gabatar wa kwamitin ɗan majalisa George Miller rahoton dubban zarge-zargen cin zarafi da cikakken bayanin mutuwar matasa goma. A shekarar da ta biyo baya masu binciken suka yi shigar burtu, suka riƙa buga waya a matsayin iyaye masu neman taimako. Wani kamfanin ba da shawara ya yi ta tura su sansani guda a jihar Missouri, aka bincika aka tarar mai kamfanin da mai sansanin mata da miji ne. Majalisar wakilai ta amince da ƙudirin Miller na sa ido kan waɗannan wurare, amma ya maƙale a majalisar dattawa.

Daga nan sai rigar ta sake canzawa. Maganar horo mai tsanani ta ja baya, aka shigo da harshen asibiti da na kimiyya. Ƙungiyar masu wannan sana'a, NATSAP, wadda aka kafa a 1999, tambarinta na bayyana a shafukan makarantu kamar shaidar inganci, ko da yake ƙungiyar 'yan kasuwa ce mai karɓar kuɗin mambobi. Manyan masu zuba jari suka shigo: a 2006 kamfanin CRC Health, mallakar Bain Capital, ya sayi Aspen Education, ɗaya daga cikin mafi girma a harkar. Aka fara nuna wa iyaye alƙaluman nasara. Matsalar yawancin waɗannan alƙaluma ita ce masu makarantun ne ke ɗaukar nauyin binciken, kuma ba a kwatanta yaran da wasu irinsu da suka zauna gida. Wannan giɓi babba ne. Ana tura yaro ne a lokacin da al'amarinsa ya fi muni, kuma mafi yawan matasa suna nutsuwa da kansu yayin da shekaru ke tafiya. Duk inda ka ajiye ɗan shekara 15 ka dawo bayan shekara biyu, akwai kyakkyawan zaton za ka same shi ya fi hankali, makaranta kuwa sai ta rubuta girman nasa a littafin nasarorinta. A ɗaya gefen, wani kwamitin masana da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa suka tara a 2004 ya yanke cewa shirye-shiryen tsoratarwa da sansanonin horo irin na soja ba sa rage tashin hankalin matasa, suna ma iya ƙara shi, saboda tara yara masu matsala wuri guda kan sa su koyi da juna. A 2009 jihar Oregon ta dakatar da Mount Bachelor Academy, jikar CEDU kuma mallakar Aspen, bayan ta tabbatar da cin zarafi a zaman da makarantar ke kira magani.

Adalci ya sa a faɗi cewa akwai yaran da ciwonsu ya kai a kwantar da su ƙarƙashin kulawar ƙwararru, akwai kuma tsofaffin ɗaliban da ke cewa zaman ya ceci rayuwarsu. Iyayen ma galibi ba mugaye ba ne. Mutane ne da suka ga ɗansu na neman halaka, suka ƙwanƙwasa ƙofofin da suka sani ba a buɗe ba, sai wannan ta buɗe da murmushi. Wasu gida suka jinginar domin biyan kuɗin. Abin zargin shi ne wuri mai kyau da mara kyau kalmomi iri ɗaya suke amfani da su, kuma uba a cikin ruɗani ba shi da ma'aunin rarrabe su.

Intanet ɗin da ta ciyar da harkar gaba ita ce kuma ta fara huda ta, domin yaran sun girma, sun sami juna. Makarantar Élan ta jihar Maine, wadda aka san ta da tilasta wa ɗalibai dambe a tsakiyar zobe a matsayin horo, ta rufe a 2011 bayan shekara 41, mai ita kuma ta ɗora laifin a kan abin da tsofaffin ɗalibai ke yaɗawa a intanet. A 2020 Paris Hilton ta ba da labarin wata 11 da ta yi a Provo Canyon cikin wani fim na tarihin rayuwarta. Abin da bincike da gawarwaki suka kasa yi cikin shekaru, shahararriyar fuska ta yi shi cikin watanni, kamar yadda shahararrun fuskoki suka ɗaga Straight a baya. Amsar makarantar ita ce an sayar da ita a shekarar 2000, don haka ba za ta ce komai kan abin da ya gabata ba.

Utah ta tsaurara dokarta a 2021, ta taƙaita ɗaurewa da killacewa, ta wajabta barin yara su riƙa magana da iyalansu. A Fabrairun 2024 wani yaro ɗan shekara 12 ya mutu a wani sansanin daji a North Carolina ƙasa da kwana ɗaya da isowarsa, jihar ta ƙwace lasisin wurin. A Disamban wannan shekara Shugaba Biden ya sa hannu kan dokar tarayya da Hilton da tsofaffin ɗalibai suka yi ta fafutuka a kanta. Dokar ba ta kafa hukumar ba da lasisi ba, ba ta kuma hana ɗaukar yaro daga gadonsa da tsakar dare ba. Ta umarci a gudanar da nazari kan waɗannan wurare, a riƙa kai wa majalisa rahoto duk bayan shekara biyu.