Barkwanci Tsakanin Ƙabilu da Garuruwa a Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, al'ummomin ƙasar Hausa da maƙwabtansu sun san cewa kowace ƙabila tana da halin da ake jingina mata, ko da gaskiya ko da ƙage, kuma maimakon su hana furta irin waɗannan maganganu, sai suka yi musu shinge da al'adar barkwanci, wato wasan baki da aka yarda wasu rukunoni biyu su riƙa yi wa juna ba tare da ɗayansu ya yi fushi ba. Tushen al'adar yana cikin gida, tsakanin taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan ɗan'uwanta namiji, da kuma tsakanin jika da kaka, daga nan ta faɗaɗa ta haɗa Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa.

Masana da dama suna danganta wasannin garuruwa da yaƙe-yaƙen da suka ƙare da sulhu, kuma wasan Kanawa da Damagarawa yana ƙarfafa wannan fahimta, domin a zamanin Sarkin Kano Alu, wanda ya yi mulki daga 1894 zuwa 1903, dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga sun kai hari ƙasar Kano, amma jikokin mayaƙan a yau da raha suke tuna wannan gaba. Haka nan Bafulatani da Babarbare, waɗanda kakanninsu suka gwabza lokacin da Fulani masu jihadi suka ci Birnin Gazargamu na Barebari a 1808, kowannensu yana kiran ɗan'uwansa bawansa a tsakiyar kasuwa, kalmar da in wani bare ya furta ta za ta iya jawo zubar da jini.

Abin da ya hana wasan zama cin mutunci shi ne ƙa'idojinsa, waɗanda ba a rubuce suke ba amma kowa ya tashi ya tarar da su. Ana yin sa ido da ido, wanda aka tsokana yana da cikakken ikon ramawa, kuma abokin wasa yana da hakki a kan abokinsa, har yakan shiga tsakani idan rikici ya taso a gidan abokin. A watan Muharram, wanda Hausawa ke kira watan cika-ciki, taubasai kan karɓi kuɗin shara, wata 'yar kyauta da ke sabunta zumuncin kowace shekara.

A 2014 hukumar UNESCO ta sanya barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Sai dai wannan karramawa ta zo ne a daidai lokacin da zolayar ta fara ƙaura zuwa Facebook da makamantansa, inda dubban mutanen da babu wasa a tsakaninsu suke karanta ta, kuma abin takaici, sau da yawa wanda ya rubuta bai san asalin wasan ba, bai kuma ɗauki nauyin zumuncin da ya halatta wa kakanninsa yin sa ba.