Fitar iska tare da fitsari

Fitar iska tare da fitsari alama ce ta wata matsala a cikin jiki, ba cuta ce mai zaman kanta ba. Mai fama da ita kan ji fitsarinsa yana tsinkewa, sai iska ta biyo baya da ƙara, galibi a ƙarshen fitsarin. Ta bambanta da kumfar da kan taru a saman fitsari, wadda idan ta ɗore takan nuna cewa ƙoda na zubar da furotin.

Mafitsarar mai lafiya ba ta ajiye iska. Babban abin da ke shigar da ita shi ne ɓulewar wata kafa tsakanin babban hanji da mafitsara, kwatankwacin ɓulewar da ke jawo wa mata yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, sai dai a nan hanji ne ya haɗe da mafitsara. Kumburin wasu ƙananan jakunkuna da kan fito a bangon hanjin waɗanda suka manyanta ne ya fi haddasa ta. Sankarar hanji da cutar Crohn da gashin da ake yi wa masu sankara a mara su ma sukan jawo ta. Ta fi kama maza, domin a jikin mace mahaifa na shiga tsakani, kariyar da kan gushe idan an cire mahaifar. Wani lokaci har burbushin bahaya kan fito a fitsarin, ciwon mafitsara kuma ya yi ta dawowa.

Sanadi na biyu ƙwayoyin cuta ne irin su E. coli, waɗanda ke cin sukarin da ke cikin fitsari suna fitar da iska. Wannan ya fi samun masu ciwon suga, kuma yana buƙatar kulawar gaggawa, domin cutar na iya hawa ƙoda ko ta shiga jini. Iskar da kan fito bayan sanya robar fitsari kuwa takan wuce da kanta.

A asibiti akan gwada fitsari da sukarin jini, a ɗauki hoton CT, a kuma leƙa mafitsara ko hanji da na'ura. Maganin ƙwayoyin cuta da aka saya a kyamis na iya lafar da raɗaɗi na ɗan lokaci, amma ba ya toshe kafar da ta ɓule. Yawanci sai an yi tiyata, a yanke sashen hanjin da ya lalace, a gyara mafitsarar.