Dara da Karta a Ƙasar Gumel

Dara tsohon wasan basira ne na mutum biyu, kuma a ƙasar Gumel ba ta buƙatar komai sai yashi da inuwa. Ana tona gurabe 30 a ƙasa da dunƙulen hannu, layi biyar, kowane layi gida shida. Kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya 12. Ɗaya yakan kakkarya tsinken kara, ɗayan kuma ya tsinto tsakuwa ko ƙwallon aduwa ko busasshen kashin raƙumi, don kada 'ya'yan su rikice. Akwai wata darar ta daban, mai gida 12 a katako, wadda ake kwasar 'ya'ya ana rarrabawa gida-gida, irin wadda Yarabawa ke kira ayo. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta jera uku.

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750, kuma ta daɗe tana bin Borno, ba Sakkwato ba. A 1845 aka dawo da fada daga Tumbi zuwa Gumel, kuma da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa garin a 1851 ya tarar da kasuwar kanwa mai ci. Ƙasa ce ta mahaɗa, tsakanin Kano da Borno da Damagaram, kuma dara wasa ne na duk wannan yanki na bakin Sahara. Zabarmawa suna yin ta, suna kiranta dili. Dakarkarin Zuru ma sun shahara da ita, har wani Bature mai nazarin wasanni, R. C. Bell, ya bayyana tasu a littafinsa na 1960. Wasan da ba shi da kayan ɗauka ya dace da bafatake da makiyayi: inda aka yada zango, nan ake tona gurabe. Shi ya sa mutumin Dungas ko Magarya da ya ƙetaro iyaka ya kawo dabbobi kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis zai iya durƙusawa gaban ɗan gari su fara, ba tare da wani dogon bayani ba, sai dai su daidaita kan ƙananan dokokin da suka bambanta daga gari zuwa gari.

Wasan kashi biyu ne, zubi da tafiya. A zubi, kowa yana ajiye ɗa ɗaya a gidan da ya ga dama, bi da bi, har 24 ɗin su ƙare, gida shida kawai su rage babu kowa. A wannan mataki ba a yarda mutum ya jera uku ba, kuma ba a cin kowa. Baƙo zai ɗauka ba a fara komai ba tukuna, alhali gwanaye sun san a nan ake cin wasa ko a faɗi. Mai zubi yana lissafin abu uku a lokaci guda: inda zai ajiye biyu a jere da na uku a gefe yana jiran taki ɗaya, inda zai toshe irin wannan shiri na abokin karawarsa, da kuma waɗanne gidaje ne za su rage a buɗe idan an gama. Na ukun nan shi ne ya fi wuya. Mutum zai iya shirya jeri mai kyau, amma idan gidan da yake buƙata ya cike, ko ya kasance abokin wasa ne zai riga shi shiga, shirin ya tashi a banza. Gidajen tsakiya sun fi daraja domin ɗan da ke can yana da hanya huɗu, na gefe uku, na kusurwa biyu kacal.

Da an gama zubi sai tafiya. Ana gusa ɗa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace, ban da tsallake. Wanda ya jera uku cif ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin wasa. Jeri huɗu ba ya ci. Zaɓen wanda za a cire ma ilimi ne: sabon shiga yakan ɗauke wanda ya fi kusa da hannunsa, gwani kuwa yana ɗauke wanda ke tsare masa hanya, ko wanda ake shirin cika uku da shi. Babban burin kowa shi ne ya kafa doki, wato ya tsara 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gida biyu, duk takin da ya yi yana cika uku. Wanda aka hau masa doki, in bai da yadda zai toshe, yakan share gurabe da tafin hannu ya ce a sake. Wasa na ƙarewa ne idan 'ya'yan mutum sun koma biyu.

Babu sa'a a dara, babu ɓoyo. Komai a fili yake, kuma wannan ne ya sa ta zama wasan majalisa. Lokacinta rani ne, bayan an kai gero rumbu an sayar da riɗi da gyaɗa, daga la'asar zuwa kiran magariba, a gindin dalbejiya ko rumfar bakin kasuwa. Mutum biyu ke wasa, amma goma ke kallo, kuma a ƙa'ida ɗan kallo ba ya magana, ko da yake da wuya a rasa mai gyaran murya idan ya hango ci. Yaro ba ya zama gaban dattijo sai an kira shi, yana koyo ne a tsugune a bayan manya, shekara da shekaru, har ranar da wani zai ce masa, "Zo nan, ɗana, mu ga abin da ka iya." Tsakanin sa'o'i da taubasai kuwa ba'a ita ce rabin wasan, kuma wanda aka ci sau uku a jere zai sha ta har gida.

Karta baƙuwa ce. Bayan Sarkin Gumel Ahmadu ya bi Turawa a 1903, musamman bayan da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ya fara aiki a 1930 yana tsayawa a Gagarawa, kayan kanti, har da karta, sun riƙa shigowa tare da cinikin gyaɗa da ma'aikata da 'yan ci-rani. Wadda ta fi karɓuwa daga baya ita ce Whot, wadda wani ɗan Ingila, William Henry Storey, ya ƙirƙiro a 1935, kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta. A ƙasarta ta asali an kusa mantawa da ita, a Najeriya kuwa ta zama ta kowa. Tana da kati 54 a gida biyar, waɗanda 'yan wasa ke kira bol da angul da kuros da kafet da tauraro, haɗe da kati biyar masu lamba 20. Bol da angul 12-12 ne, kuros da kafet tara-tara, tauraro bakwai. Babu lamba 6, babu 9.

Wannan rashin daidaito shi ne asirin wasan. Mai lura ya san tauraro ya fi saurin ƙarewa, don haka idan ya ajiye 20 ya sami damar kiran gida, yakan kira wanda ya ga abokin wasa ya kasa bi a baya. Lamba 2 tana sa na gaba ya ɗauki biyu, 5 uku, 8 ta tsallake shi, 14 kuma ta tura kowa kasuwa, wato kowa ya ɗauki ƙarin kati. Gwani ba ya zubar da waɗannan da wuri. Yana ajiye su sai wani ya ce "las kad", wato saura masa kati ɗaya. Duk da haka rabon kati sa'a ne, hannu a ɓoye yake, kuma inda sa'a da ɓoyo suka haɗu kuɗi ba ya nisa. A nan karta ta ɓata sunanta. Musulunci ya haramta caca a fili, a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma tun kafin Jihar Jigawa, inda Gumel take, ta ƙaddamar da shari'a a 2000 iyaye ba sa son a ga ɗansu da karta a aljihu, ko da ba kuɗi yake sawa ba. Dara ba ta sha wannan zargi sosai ba; ƙorafin malamai a kanta shi ne ta shagaltar da mutum har lokacin salla ya wuce.

A wasu ƙasashe an ɗauki karta an mayar da ita fagen tsari. A 1993 wani masanin lissafi a Amurka, Richard Garfield, ya fito da Magic: The Gathering, inda kowane ɗan wasa ke haɗa nasa kunshin kati, aƙalla 60 a yawancin gasa, kafin ya zo fage, na Pokémon ya biyo baya a Japan a 1996. Abin da masu waɗannan wasanni suke kashe kuɗi da makonni a kai, wato shirya kayan yaƙi kafin a fara, shi ne mai dara ke yi a zubi, a gaban abokin karawarsa, ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

A yau ludo da gidan kallon ƙwallo da wayar hannu sun kwashe matasa, har Whot ɗin ma ta koma cikin waya. Dambe da kokawa da langa sun sami shiga gasar wasanni ta ƙasa, dara kuwa tana hannun dattawa, dokokinta a ka suke. Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Gumel da majalisar masarauta su sa a zauna da gwanayen gundumomi a rubuta yadda kowane gari ke yin ta, sannan a shirya gasa tsakanin makarantun ƙananan hukumomin huɗu.