Gidan Ƙaramin Ma'aikaci a Fim ɗin Hausa: Waiwaye Daga Tudun Jukun

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da aka yi a kan fim ɗin Hausa sun karkata ne ga abu biyu, watau tasirin finafinan Indiya da kuma sa-in-sar da ke tsakanin 'yan fim da malaman addini. Akwai tambayar da ba a cika yi ba, ita ce: wa ake nunawa a cikin fim ɗin, wa kuma aka bari a waje? Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun mutum ɗaya a cikin tarihin fim ɗin Hausa, watau ƙaramin ma'aikaci mai iyali, kamar lebura da masinja da direba da maigadi da makanike, wanda abin da yake samu kan ƙare tun wata bai mutu ba. Za a nuna cewa tun daga zamanin majigi har zuwa na bidiyo wannan mutum yakan fito ne a ɗayan kamanni uku: ko jahilin da ake yi wa darasi, ko abin dariya, ko kuwa matakalar da labarin mai kuɗi ke takawa. Da wuya a bar masa labarin ya zama nasa. An ɗauki Tudun Jukun ta Zariya a matsayin ma'auni, domin irin gidajen da ake magana a kai suna da yawa a cikinta, kuma garin da take ciki yana da hannu a matakai da dama na wannan tarihi.

2.0 Zariya da ma'aikatanta

Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya ratsa ta Zariya, ya kammalu a 1911, kuma a 1929 aka kai reshe daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Wannan ya mai da garin mahaɗar jiragen ƙasa da cibiyar cinikin auduga. A bayan ganuwa aka sami Sabon Gari, inda akasarin baƙi 'yan Kudu suka sauka, da Tudun Wada, wadda aka keɓe wa 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun Birni ba. Daga baya wuraren aiki suka ƙaru: Kamfanin Gaskiya a 1945, Kwalejin Barewa da ta koma Zariya a 1949, kamfanin taba a 1959, da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga kuma babban asibitin Tudun Wada. Kowane ɗayansu yana buƙatar masu shara da masu dafa abinci da masinjoji da direbobi, kuma a unguwanni irin su Tudun Jukun ne da yawan waɗannan mutane suka kama haya ko suka gina 'yan ɗakunansu.

Waɗannan mutane suna da tarihi mai kauri. Sun ga yajin aikin gama-gari na 1945 da na 1964, sun karɓi ƙarin albashin Udoji bayan rahoton 1974, sa'an nan tsuke bakin aljihu na 1982 da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 suka cinye abin da aka ƙara musu. Abin da za a duba shi ne ko nawa daga cikin wannan ya shiga fim.

3.0 Yadda aka yi irin wannan fim a wasu ƙasashe

Kafin a ce an rasa abu, ya kamata a san kamanninsa. A 1948 Vittorio De Sica na Italiya ya yi fim mai suna Ladri di biciclette, watau "Ɓarayin Keke". Wani magidanci ne ya sami aikin manna takardun talla bayan dogon zaman kashe wando, amma aikin sai da keke, nasa kuwa yana jingina. Matarsa ta kai zannuwan gadonsu aka karɓo keken, ranar farko ta aiki aka sace shi. Sauran fim ɗin duka nema ne, shi da ɗansa ƙarami. Wanda ya fito a matsayin magidancin ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba.

A Afirka ta Yamma, Sembène Ousmane na Sanigal, wanda shi kansa ya yi aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, ya yi Borom Sarret a 1963. Fim ne na kimanin minti 20 a kan yini guda na wani mai amalanke a Dakar. An ƙwace amalankensa don ya shiga unguwar da aka hana, ya koma gida hannu rabbana, matarsa ta miƙa masa jariri ta fita neman abin da za su ci. Kusa da gida kuma, Oumarou Ganda na Nijar ya fito a Moi, un noir na Jean Rouch a 1958 a matsayin ɗan ci-rani mai aikin lebura a Abijan. Abin da ya haɗa finafinan De Sica da Sembène shi ne, babu sarki, babu yaƙi, babu dukiyar da ta faɗo daga sama. Jigon shi ne abin yau da gobe, kuma asarar kayan aiki guda ɗaya ta isa ta girgiza gida.

Ba za a ce Bahaushe ba ya son kallon talauci ba. Mother India na 1957, wanda ya daɗe yana tara jama'a a gidajen silima na Arewa, labari ne na wata mata da bashin mai ba da rance ya ɗaure ita da 'ya'yanta.

4.0 Majigi da finafinan gwamnati

Fim ya fara isa ga yawancin talakawan ƙasar Hausa ta hanyar majigi, watau motar gwamnati da ke yawo gari-gari tana nuna hoto kyauta a fili, da tafinta yana bayani. Hukumar fim ta mulkin mallaka, wadda aka kafa a 1939 a ƙarƙashin William Sellers, ta saba da zubi guda: a nuna mutum biyu, mai wayo da ya bi shawarar hukuma ya ci riba, da wawa da ya ƙi ya yi asara. Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 don koyar da noman auduga, daga wannan makaranta ya fito. Talaka yana cikin hoton, amma matsalarsa a kullum rashin sani ce. Ba a tambayar farashin da aka sayi audugarsa, balle harajin da ya biya.

Bayan mulkin kai sai aka juya ga tarihi da adabi. A 1976 Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta hannun wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara a Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai wahala ƙwarai a cikinsa, musamman ta uwar da ta bi sawun ɗanta har cikin hamada, amma wahalar zamanin bauta ce, ba ta mai jiran albashi ba. Ruwan Bagaja da Maitatsine, dukansu na 1989, ɗaya hikaya ce, ɗaya tarzoma. Waɗanda suka fi matsowa kusa su ne Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa, 1991, a kan manoman da masu hali ke neman raba su da ƙasarsu saboda ma'adinin da ke ciki, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, a kan attajirin da ya lalata rayuwar 'yar makaranta. Na farko na ƙauye ne, na biyu kuwa ya fi damuwa da halin attajirin.

5.0 Littafi, rediyo, talbijin da dandali

Abin lura shi ne, sauran hanyoyin wasan kwaikwayo sun riga fim shiga tsakar gida. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda suka fara a rediyo kafin a buga su a Zariya, sun taɓo talla da tarbiyya da kuɗin cefane. Uwar Gulma na Mohammed Sada ya nuna gidan Hayatu da Halima, inda miji ke kashe abin hannunsa a waje ya bar mata da yunwa, har magana ta kai gaban alƙali. Sai dai a nan ma halin miji aka ɗora wa laifi. Ba a auna abin da yake samu da abin da gida ke ci ba.

A talbijin ɗin Kaduna, Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ya shafe shekaru yana nuna zaman bariki, wanda shi ma zaman masu ƙaramin albashi ne, amma ta fuskar raha. A dandali kuwa, sashen wasan kwaikwayo da Michael Etherton ya fara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975 ya fito da wata hanya: ɗalibai su shiga ƙauye ko unguwa, su saurari koke-koken jama'a, su gina wasa a kai, su nuna musu a inda suke. Wasan Manoma na Soba a 1977 da ayyukan da aka yi a Samaru misalai ne. Wannan shi ne yunƙurin da ya fi kowane kusantar bai wa talaka labarinsa, amma wasan fili da an watse ya tafi.

6.0 Zamanin bidiyo

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ya fita daga hannun gwamnati ya shiga kasuwa. Masu yin sa yanzu 'ya'yan unguwa ne, da yawansu 'ya'yan ƙananan ma'aikata. Duk da haka abin da ya ci kasuwa shi ne soyayya da waƙa, cikin manyan gidaje da motocin aro. Sangaya na 1999 misali ne: yarinyar mai aikin gida ce, amma gidan sarauta ne, kuma inda labarin ya dosa shi ne ta auri ɗan sarki. Talaucinta matakala ce kawai. A ɗaya gefen kuma ga finafinan barkwanci na su Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014. Shi ya fi kowa sa rigar ɗan acaɓa da maigadi da ɗan dako, kuma akwai suka mai zafi a ƙarƙashin dariyar, amma ba a nemi mai kallo ya zauna da damuwar gidan ba.

Canji ya zo daga wajen wannan kasuwa. A 2011 wasu almajirai a Kano, tare da mai bincike Hannah Hoechner, suka yi Duniya Juyi-Juyi a kan rayuwarsu da aikatau ɗin da suke yi a gidajen mutane. Sa'an nan tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, dogon wasa a kan wani ƙagaggen gari inda mai shayi da maigadi da malamin allo, da gida irin na Kamaye da Adama, suka zama 'yan gaba. Karɓuwar da ya samu ta nuna cewa akwai masu kallon irin wannan labari. Amma a tuna cewa da tallafin gwamnatin Amurka aka kafa tashar, watau ba cinikin kaset ne ya ɗauki nauyinsa ba.

7.0 Dalilai

Dalili na farko shi ne mai biyan kuɗi. Gwamnatin mallaka tana son talaka mai ɗaukar darasi, gwamnatin 'yan ƙasa tana son tarihin da za a yi alfahari da shi, ɗan kasuwa kuwa yana son abin da zai mai da masa uwar kuɗi cikin 'yan makonni kafin masu satar fasaha su kwafa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da buƙatar a nuna yadda albashi ke kasa kai wata.

Na biyu yana cikin al'ada. Abin da ƙaramin ma'aikaci ke roƙo shi ne rufin asiri, kuma wannan kalma ita ce sunan da Hausa ta ba wa samun abin da zai isa. Magidanci zai ci bashin mai tireda, matarsa ta sayar da kwano daga jerenta ko ta ɗauki adashi tun kwananta bai zo ba, duk don kada maƙwabci ya san ba a ɗora tukunya ba. Fim irin na De Sica kuwa tonon wannan asiri ne. Ga shi kuma wurin da abin ke faruwa, watau tsakar gida da ɗakin mace, wuri ne da baƙo ba ya shiga. Saboda haka dariya ta zama mafita, domin abin da aka faɗa da wasa ba ya zama gori.

Na uku shi ne zubi. Labarin Hausa na gargajiya ya saba ƙarewa da sakayya, mai haƙuri ya dafa dutse ya sha romonsa. Fim ɗin gwagwarmayar yau da kullum kuwa sau da yawa yakan ƙare a inda ya fara. Wataƙila shi ya sa dogon wasa na mako-mako ya fi dacewa da shi, tun da ba a tilasta masa rufe labari ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙaramin ma'aikaci bai ɓace daga fim ɗin Hausa ba, amma an daɗe ana aron bakinsa ana ci masa albasa. Asarar ba ta 'yan fim kaɗai ba ce. Masaƙar Kaduna ta farko ta buɗe a 1957 ta rufe a 2002, harkar jirgin ƙasa da ta raya Zariya ta ja baya, kuma mutanen da suka yi wannan rayuwa suna ƙarewa. Aiki biyu ke gaban manazarta. Na ɗaya, a nemo a adana abin da ya rage na wasannin rediyo da talbijin, domin Shaihu Umar kansa an ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi, aka gyara aka nuna a Balin a 2018. Na biyu, a shiga unguwanni irin su Tudun Jukun a naɗi bayanan tsofaffin ma'aikata da matansu: nawa ake biya, me ake saye da shi, yaya ake yi idan ya ƙare. Marubucin fim ɗin da zai zo nan gaba da waɗannan bayanai zai yi aiki.