Fihirisa a Ɗakunan Littattafan Magabata

Kalmar fihirisa da kuke gani a ƙarshen littafi asalinta Farisanci ce, Larabawa suka are ta. A da, aikinta ya wuce nuna shafi, ita ke yi wa mai nema jagora cikin ɗakin littattafai baki ɗaya.

Ku dubi Buhara a zamanin Sarki Nuhu ɗan Mansur, wanda ya rasu a 997 Miladiyya. Ibnu Sina yana matashi ya shiga cikin likitocin da suka yi wa sarkin magani, sai ya roƙi izinin shiga ɗakin karatun fada. Shi da kansa ya ba da labari: gida ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da akwatunan littattafai an ɗora wani kan wani. Ɗakin Larabci da waƙa daban, na fiƙihu daban, haka kowane fanni. Bai tsaya buɗe akwatuna ba. Fihirisar littattafan mutanen farko ya duba, ya nemi abin da yake so. To kun ga matakai biyu ke nan, a raba littattafai bisa fanni, sannan a rubuta sunayensu. Daga baya gobara ta cinye wurin.

A can yamma kuma, a Kurɗuba ta Andalus, an ruwaito cewa fihirisar Halifa Hakam na Biyu ita kaɗai ta kai juzu'i 44.

Amma a ganina wanda ya fi yi mana hidima ba sarki ba ne. Ibnun Nadim ne, mai kwafe littattafai da sayar da su a Bagadaza. A shekara ta 377 Hijiriyya, wato 987, ya wallafa Alfihrist, inda ya yi ƙoƙarin jera duk littafin da ya sani da Larabci. Ya kasa shi babi goma. Ya fara da harsuna da rubutu da littattafan da aka saukar, sai nahawu, tarihi, waƙa, ilimin kalam, fiƙihu da hadisi, kafin falsafa. Hatta tatsuniyoyi da tsafi bai bar su ba, ya ba su babi na takwas. A ƙarƙashin kowane fanni sai ya kawo malami, ɗan tarihinsa, sannan littattafansa. Wanda ya san fanni bai san suna ba, zai isa.

Da yawan littattafan da ya ambata sun salwanta, ko warƙa ɗaya ba ta iso gare mu ba. Sunayensu da na mawallafansu, daga Alfihrist malamai ke ɗebo su har yau.